Ƙafar Jirgin Balbela

Zuwa ga Tela, taubashiyata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da duk wanda ke ƙarƙashin rufinku. Ya ciwon bayan nan? Tun bara na ce ki ɗaga kujerar keken ɗinkin, amma ku jikokin Kaka ba ku jin magana. Ni lafiya ƙalau, in ban da kunnen da kullum ƙara tafiya yake. Don Allah ki daina kirana a waya. Ke kina can kina ihu, ni ina nan ina «to, to», ban san abin da nake amincewa da shi ba. Direba, mijin maƙwabciyarki, ya ce duk sanda ya yi lodi zuwa nan zai riƙa kai mana takarda yana kawowa.

Kin sha tambayata wai me nake yi a wurin gyaran jiragen sama, tun da ba na tuƙi, ba na kwance inji. Har kika ce maƙeri ne kawai aka ba shi farar riga. To yau ki saurara. Ƙarfe ma yana gajiya. Duk tashi da saukar jirgi fatarsa tana miƙewa tana komawa, wata rana sai 'yar tsaga ta buɗe, wadda ba ta kai kaurin gashi ba. Aikina shi ne in daki fatar tun kafin ta kai ga haka. Akwai wani akwati kamar kabad, mai tagar gilashi da safar roba biyu a manne. In sa ƙarfen ciki, in zura hannuwana, in riƙe bindigar iska tana feso ƙananan ƙwallayen ƙarfe, kowanne kamar kan allura. Duk wanda ya sauka sai ya bar ɗan lotsi, lotsi kan lotsi, har fatar ta matse kamar daɓen ɗaki. Fatar da ta matse ba ta saurin tsagewa.

Ba duka ake yi da ka ba. Kafin in taɓa kayan jirgi sai na gwada a kan wani siririn ƙarfe, dukan ya lanƙwasa shi, in ɗora a ma'auni. In lanƙwasar ta yi yawa na yi zalunci, in ta yi kaɗan na yi wasa. Kullum da safe kuma sai na tace ƙwallayen da rariya, don fasasshe yanka yake yi, ba duka ba.

Ga dalilin wannan dogon surutu. Kin san abin da ya kwana a kan bencina makon jiya? Ƙafafun jirgin 'yarki Balbela, biyun da tayoyin sauka ke jiki. Na gane lambar jirgin, ita ce a hoton da ta turo mini tana tsaye gabansa da hular matuƙa. Wallahi ban taɓa yi wa ƙarfe hidima irin wannan ba. Na bi kowane lungu da madubin ƙara girma, ban bar wurin da ƙwallo bai taɓa ba. Ki gaya mata duk sanda ta sauka lafiya, hannun Kawunta ne a ƙarƙashinta.

Abu ɗaya ya ɓata mana rai. Mai Duba, abokin aikina wanda ke gwada kaya kafin su zo wurina, ya yanke jiki ya faɗi a ɗakin aikinsa. Shanyewar ɓarin jiki ce. An kawo wani daga wani reshe ya riƙe wurin. Ki sa shi a addu'a, mutumin kirki ne.

Naki,
Maƙeri

*

Zuwa ga Maƙeri, kurman gidanmu,

Na amsa gaisuwa, ina kuma mayarwa ninki biyu. Muna lafiya. Bayan nan yana nan yadda ka san shi, kujerar ma tana nan yadda ka san ta. Allah Ya ba abokin aikinka lafiya. Ka gaida Uwargida, ka ce ina jinjina mata, zama da mutumin da ba ya ji sai mai haƙuri.

Na karanta takardarka sau biyu, na kuma gane abu ɗaya, wato ana biyanka albashi don ka yi jifa. Mu da muke yara in mun yi, duka muke sha. Amma ban da wasa, da na karanta wa Balbela wurin ƙafafun, sai ta ce, «Umma, ashe Kawu yana alfahari da ni?» Ka san ba ta manta maganar da ka yi ranar da ta samu gurbin makarantar tuƙi ba, a gaban dangi, cewa sama ba wurin mace ba ne. Ni ma ban manta ba, na dai ninke ta na ajiye. Kakanka da kakata ciki ɗaya suka fito, zumuncin namu sai an bi shi da yatsa kafin a gane, ga nisa, to in ba a ninke irin wannan ana ajiyewa ba me zai saura?

An mayar wa jirgin ƙafafunsa, ya koma aiki. Ka san ƙarami ne, magani da marasa lafiya yake ɗauka zuwa garuruwan da mota ba ta kaiwa. Filayen saukar can ba kwalta, ƙasa ce da tsakuwa. Ta ce wani lokaci in suka dira har haƙoranta sai sun haɗu. Ni dai ba na son jin wannan, sai in taka keke da ƙarfi ƙararsa ta rufe maganar. Yanzu ita ce ta biyu a kujera, amma babban matuƙin ya ce in ta ci gaba haka, ba da daɗewa ba za ta koma kujerarsa.

Na ɗinka maka riga, Direba zai ba ka. In ta yi maka kaɗan, tumbinka ne ya ƙaru, awona ba ya kuskure.

Taka,
Tela

*

Tela,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Riga ta iso, ta yi daidai, na gode. Ni ma lafiya, sai dai barci da ya yi mini ƙaura.

Ba zan tsawaita ba, Direba yana jira a bakin ƙofa. Ina roƙonki wata alfarma, kuma ina so ki yi mini ita ba tare da tambaya ba. Ki sa Balbela ta nemi hutu. In ba hutu, ta roƙa a mayar da ita aikin ƙasa, ko wani jirgin, na ɗan wani lokaci. Ki ce jikinki ne ba daɗi, ki ce kina bukatarta a gida, ki ce duk abin da za ta yarda da shi.

Akwai maganar da ake dubawa a wurin aikinmu. Manaja ya ja mini kunne kada ta fita har sai an tabbatar, ni ma ban tabbatar ba, kuma ba na so in ɗora wa wani laifin da ba nasa ba. Wataƙila ba komai ba ne. Amma kin san ni, ban saba roƙo ba, kuma ruwa ba ya tsami banza. Wannan kujerar ba wurin zamanta ba ce a yanzu.

Ki ba Direba amsa a wannan zuwan, kada ki bari sai na gaba.

Maƙeri

*

Maƙeri,

Lafiyarmu ƙalau, tun da ka tambaya. Na ƙi ba Direba amsa a wancan zuwan da gangan, na bari zuciyata ta huce tukuna. Ga shi ya je ya dawo ya sake zuwa, ba ta huce ba.

«Wannan kujerar ba wurin zamanta ba ce.» Ashe maganar tana nan a bakinka, ka dai canza mata riga. Ina rubuta maka cewa za a ba ta babbar kujera, sai ga takarda ta biyo baya wai ta koma aikin ƙasa. Kana tsammanin ban iya haɗa zare da allura ba? Har da wani wai ana duba magana, Manaja ya ja maka kunne. Wane kunnen?

Ka san abin da yarinyar nan ta sha kafin ta kai nan? Ka san sau nawa aka ce mata ta je ta nemi aikin raba shayi a jirgi, ya fi dacewa da ita? Yanzu da take dab da cin moriyar wahalarta, kai da take kira Kawu, kai ne za ka ce in kwanta in yi ƙaryar ciwo in jawo ta ƙasa. Allah Ya kiyaye in kira wa kaina cuta don in faranta maka. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na ji kunyar yadda na karanta mata takardarka ta farko ina washe baki.

Ban nuna mata ta biyun ba, ba kuma zan nuna mata ba. In kana da magana ka fito fili ka faɗa kamar namiji. In babu, ka riƙe jifanka, mu riƙe samanmu. Hassada ga mai rabo taki ce.

Tela

*

Taubashiyata,

Ina gaishe ki, ko kin amsa ko ba ki amsa ba. Lafiyar jiki da sauƙi. Zagin ya iso, na karɓa, wanda na jawo da bakina ne tun shekarun baya. Amma kin karanta abin da ban rubuta ba. Yanzu zan fito fili, Manaja ya yi abin da zai yi.

Dukan da nake wa ƙarfe yana hana tsaga fitowa. In kuwa tsagar ta riga ta fito, dukan ba ya warkar da ita, bakinta kawai yake rufewa. Fatar ta lulluɓe ta, ciki yana nan a buɗe, yana ci. Shi ya sa doka ita ce a duba tukuna, sannan a daka. Mai Duba yakan fesa wa ƙarfen wani jan ruwa, ya goge, ya barbaɗa farar hoda. In akwai tsaga, jan da ya shige ciki sai ya fito a kan farin, siririn layi. Amma in an riga an daka, jan ba ya samun ƙofar shiga. Hodar sai ta fito fari fat, ƙarfen kuwa a tsage.

A wurinmu mun saba da wani abu. Duk ƙarfen da ya bi ta hannun Mai Duba, za ki ga sauran ja a ramukan ƙusoshinsa, mukan ce ya ci goro. Shekara da shekaru, in na ga ƙarfe ya ci goro yana kan teburin fita, ba na tambaya, ɗauka nake. In yana da aibi, da jan ƙyalle zan gan shi a ɗaure, a can gefe. Ranar da ya faɗi, bayan an fita da shi, na shiga ɗakinsa na tarar da ƙafafun nan biyu a kan tebur, duka sun ci goro, babu ƙyalle. Kamfaninsu Balbela yana ta aiko wa a hanzarta. Na ɗauka na daka.

Wanda aka kawo ya riƙe wurin mutum ne mai tsoron Allah. Da bai ga sa hannun Mai Duba ba, sai ya ce ba zai sa nasa a kan abin da bai gani ba, ya sake gwajin da kansa. Lotsin da ya gani a jiki ya ɗauka na asali ne, don da shi suke fitowa daga masana'anta. Bai san na riga na bi ta kai ba, ni kuma ban san ya sake gwaji ba. Hoda ta fito fari, ya sa hannu. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinmu.

Bayan an sallamo Mai Duba na je gaishe shi. Yana kan kujera a tsakar gida, bakinsa ya karkace, an ɗora masa hannun dama a cinya kamar ba nasa ba. Ki dubi haɗin, shi ba ya iya magana sosai, ni ba na ji. Matarsa ce take kai kunnenta bakinsa, sannan ta zo ta yi mini ihu a nawa. Muna cikin gaisuwa sai ya damƙe rigata. Matar ta ce, «Wai yana tambaya, ƙafar hagun nan, an jefar da ita?» Na ce wace ƙafa? Ta sake sunkuyawa, ta daɗe. Ta ce, «Wai ya ga jan layi a gindinta, inda ake ɗaura taya. Ya juya zai ɗauko ƙyalle, shi ke nan bai ƙara sanin inda yake ba.»

Tela, ban san yadda na kai gida ba ranar.

Na gaya wa Manaja da safe. Bai yi mini tsawa ba. Ya ce zai rubuta wa kamfanin, amma in tuna mutumin da jini ya taɓa wa ƙwaƙwalwa ne a gefe ɗaya, gwaji mai sa hannu a ɗaya gefen. Na ce jan ruwa ba zai ƙara nuna komai ba, sai an cire ƙafar an wanke fatar da asid. Ya ce wannan ba shi zai yanke ba. Na tura wa Balbela saƙo a waya, ta amsa da ladabi, wai ta gode, za ta faɗa wa injiniyansu. Na san irin wannan ladabin, shi ake wa tsoho in ana so ya yi shiru.

Ke za ta ji. Damina ta kusa, filayen nan za su yi laushi a wani wuri su yi tauri a wani, ƙafa ɗaya ta riga ɗaya dira. Ina jin tsoro, ban taɓa jin irinsa ba.

Maƙeri

*

Ɗan'uwana,

Ina gaisuwa. Lafiya dai, ba a cewa babu. Ka yafe mini. Ka kuma yafe wa Direba, motarsa ce ta lalace a hanya, ya bar ta wurin bakanike da takardarka a aljihun ƙofa, sai shekaranjiya ya kawo ta duk ta sha man inji. Duk tsawon shirun nan kana can kana tsammanin fushi nake, ni ina nan ina tsammanin ka rasa abin faɗa.

Na gane maganarka tun kafin in kai ƙarshe. Mu ma muna da irinta. In yadi ya fara yagewa, ka sa masa sitati ka bi da dutsen guga, sai ya kwanta lif, mai saye ba zai gani ba sai ranar da ya durƙusa a cikin mutane. Na ajiye takardar, na tashi na nufi ɗakin Balbela.

Na ba ta ta karanta da kanta. Ta ce ta san maganar, Manajanku ya rubuto, ita ma ta je wurin injiniyansu har sau biyu. A gabanta aka fesa jan ruwan a ƙafar hagu, aka sa hoda, ta fito fari. Na ce ai Kawunki ya ce haka za ta fito. Ta ce ta faɗa musu, suka ce sun ji, za a cire ƙafafun a babban gyaran da ke tafe bayan damina. Jirgi ɗaya ke gare su da ke iya sauka a waɗancan filayen, in aka ajiye shi yanzu akwai garuruwan da ba za su ga magani ba har ruwa ya ɗauke.

Na yi abin da na rantse ba zan yi ba. Na ce mata ta yi ƙaryar ciwo, in ba za ta iya ba ni zan yi. Ta zauna a bakin gado tana ɗaura igiyar takalmi, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, «Umma, in na zauna, wani za a kira. Shi ma da uwarsa.» Na ce ni ban haifi wani ba, ke na haifa. Ta ce, «To ki yi mini addu'a.» Ta sumbaci goshina ta fita.

An fara ruwa. Gidanmu yana kan hanyar da suke bi in za su sauka, na san ƙarar jirginta a cikin na sauran. Da can in na ji ta, hamdala nake yi. Yanzu na san tashin ba shi ne abin tsoro ba, dirar ce, sai in tsayar da keke in zauna ina jira har wayarta ta shigo. Jiya na ɗinke wa wata mata hannun riga a bai-bai, abin da ban yi ba tun ina koyo.

Ka faɗa mini abin da zan yi. Kai ka san ƙarfe, ni ban san kowa a wurin nan ba.

Tela

*

Tela,

Gaisuwa. Ina lafiya. Takardarki ta iso, babu abin yafewa tsakaninmu.

Na sake komawa wurin Manaja, na rubuta wa kamfanin da hannuna, na rubuta wa hukumar da ke sa ido. Duka sun amsa cewa suna dubawa. Ba mugaye ba ne, abin da idonsu ya gani suke bi, ni kuma na rufe abin da ya kamata su gani. A aikinmu aibin da ba a gani ana iya ɗaga masa ƙafa zuwa bayan damina. Wanda ake gani kuwa, ko ɗan ƙwarzane ne mai zurfi, babu injiniyan da zai bar jirgi ya tashi da shi.

Na ɗauki hutu. Kada ki gaya wa Balbela komai, kada ki kuma shirya mini ɗaki. In kin ji wani labari a kaina, ki taimaki Uwargida da haƙuri, ba ta san komai ba.

Maƙeri

*

Zuwa ga ɗan'uwana, a inda ake tsare da shi,

Ina gaishe ka da kyau, ina fatan jikinka lafiya kuma suna ba ka abin rufa. Mu lafiya. Na so in zo da kaina, aka ce an mayar da kai babban birni inda ake sauraron irin wannan shari'a. Uwargida ta kwana biyu a wurina, ta yi kuka, ta ci abinci, ta koma. Direba ya ce ya san wani mai gadi a nan, ta hannunsa wannan za ta shigo.

Kai dai ba ka da dama. Ka shigo garinmu ko ruwan gidana ba ka sha ba. Balbela ta ba ni labari yadda makanikan suka ba ta. Wai da hantsi ka zo rumfar jirage da farar rigarka da katin aikinka, ka ce ka zo duba aikin da ka yi. Suka ba ka kujera, ka ce a'a. Ka durƙusa a gindin ƙafar hagu ka shafa ta, sannan ka zaro kurfin yankan ƙarfe da guduma daga jaka. Kafin su farga ka yi mata sara uku. Wai da suka rufar maka ba ka ko motsa ba, ka ajiye kayan a ƙasa, ka zauna ka miƙe ƙafa. Da ta iso ta gan ka a haka, ta ce ba ta san lokacin da ta fashe da kuka a gaban abokan aikinta ba. Sun yi mata tambayoyi kwana da kwanaki, daga baya suka gane ba ta da hannu.

Yanzu ga albishir, shi ya sa na matsa wa Direba. Saboda shari'ar, an aika ƙafar da ka sara can babban ɗakin gwaji. Sun wanke fatar da asid ɗin da kake ta faɗa, sun sa ta a na'ura, har yanka ta suka yi a gindin inda ake ɗaura taya. Ɗan'uwana, tas take. In ban da saranka babu ko ɗigon tsaga a jikinta. Ka ga ashe ciwo ne ya ruɗa bawan Allahn nan, ya ga abin da babu, ya ɗora maka, kai ka ɗora mini. Ban ga laifinka ba. Wanda zai jefa aikinsa da mutuncinsa a wuta saboda 'yata, ba zan ƙara kiransa dangin nesa ba.

Lauya ya ce wannan zai taimake ka. Zai nuna wa alƙali cewa damuwa ce ta taɓa ka, ga shekaru, ga rashin ji, ga ciwon abokinka. Ya ce ka daure ka bi shi a haka, kada ka yi gardama.

An kawo sabuwar ƙafa an sa a hagu. Ta dama ba su taɓa ta ba, tun da ba ta da laifi. Jirgin ya koma aiki, kuma an ba Balbela babbar kujera, babban matuƙin ya tafi wani kamfani. Wannan makon garuruwan bayan duwatsu za ta yi ta zirga-zirga, inda ruwa ya cinye hanya. Ta ce in gaya maka ba ta riƙe ka a rai ba. Ni kuwa jiya na yi barci har rana ta fito, rabona da haka tun farkon damina. Kai ma ka kwantar da hankalinka.

Taka har kullum,
Tela

*

Tela,

Lafiya nake, ba ita ce magana ba. Takardarki ta kwana huɗu a aljihun mai gadi kafin ya ba ni. Ki karanta wannan a tsaye.

Mai Duba bai ga abin da babu ba. Na yi aiki da shi tun gashinmu yana baƙi, bai taɓa kiran layi inda babu layi ba. Ya ga tsaga a ƙafar da ke ɗauke da alamar hagu a ranar. Ƙafafun jirgin nan iri ɗaya ne sak, kowacce tana shiga kowane gefe, 'yar alama ce kawai ake ɗaura musu da waya, hagu da dama. Kafin ƙarfe ya shiga akwatina dole a kwance duk abin da ke jikinsa, don ƙwallayen za su cinye shi. Na kwance alamun biyu na ajiye a kan benci. Da na gama na ɗauka na ɗaura. Ban duba wacce ta fito daga wacce ba, don a sanina duka lafiyayyu ne, ba bambanci. Abin bai faɗo mini a rai ba sai da na karanta inda kika ce tas take.

Lafiyayyar na sara. Mai tsagar tana dama, tana jikin jirgin.

Na gaya wa lauya. Ya dafa kafaɗata, ya rubuta mini a takarda cewa wannan ma zai ƙara nuna wa alƙali halin da nake ciki. Na roƙi masu gadi su kira kamfanin, suka yi dariya, ɗaya ya nuna ƙafarsa ta dama yana ɗingishi. Lambarki tana cikin wayata, wayar tana hannunsu. Baki ɗaya gare ni, na kashe shi a kan ƙafar da ba ta da laifi, yanzu duk abin da na faɗa maganar mahaukaci ce.

Saura ke. Ki kai wa injiniyansu wannan takarda hannu da hannu. Ki je da injiniyan gidan Mai Duba in zai bi ki, Uwargida ta san gidan. In sun ƙi, ki tsaya a ƙofar rumfar ki yi ta ihu har su gaji. Ki faɗa wa iyalan duk wanda zai hau. Balbela kuwa, ki kulle ta a ɗaki, ki jefa makullin a rijiya, ta tsane ki har ƙarshen rayuwarta, in dai tana da ran da za ta tsane ki da shi.

Direba ya aiko ta bakin mai gadi cewa ba zai tsaya a hanya ba. In ya same ki kina kan keke, kada ki ƙarasa ɗinkin.

Maƙeri